Babur Mai Shan Naitiro: Sirrin Gudunsa Ba a Tanki Yake Ba

Duk wanda ya taɓa buga Asphalt ko Need for Speed a waya ya san maɓallin nan da ake kira naitiro. Abokan tsere sun sha gabanka, sai ka danna shi, wuta shuɗiya ta feso daga salansa, kafin ƙiftawar ido ka bar kowa a baya. Mun yi shekaru muna dannawa, har abin ya zauna mana a kai cewa gudu wani ruwa ne da ake ɗurawa a tanki. Shi ya sa idan bidiyon dogon babur ɗin nan mai aman wuta ya faɗo mana a TikTok ko YouTube, tambayar farko da ke zuwa bakin matashi ita ce: ina ake sayar da man nan, kuma in na zuba wa nawa zai tashi?

Amsar a taƙaice ita ce ba zai tashi ba, fistin ɗinsa ne zai narke. Sai dai ba don in kashe wa kowa gwiwa nake wannan rubutu ba. A ganina babur mai shan naitiro yana cikin abubuwan da suka fi cancanta matashi mai son fasaha ya zauna ya nazarta, ko da kuwa ba zai taɓa hawansa ba. Sana'ata rubuta manhaja ce, a intanet na koye ta, kuma da idon wannan sana'a nake kallon baburan nan. Abin da nake gani shi ne, man shi ne mafi ƙanƙantar ɓangaren labarin. Abin da ke kai babur ƙarshen fili da mahayinsa a raye shi ne awo, da rubuta abin da aka auna, da haƙurin canza abu ɗaya tak kafin a sake gwadawa. Wannan kuwa ba ya buƙatar biza ko dala.

Naitiro biyu ne, kada a haɗa su

Na cikin gem da na finafinan Fast and Furious wata iska ce mai suna naitiros oksayid, masana na rubuta ta N2O. A matse take a cikin kwalbar ƙarfe kamar gas ɗin girki. Ita kanta ba mai ba ce. Idan ta shiga inji ta ji zafi sai ta rabu ta saki oksijin, shi kuma ya ba injin damar ƙona ƙarin fetur na ɗan lokaci. Ita ce ma likitocin haƙori ke shaƙa wa mutum don rage masa zafi.

Wanda muke magana a kansa daban yake. Ruwa ne mai suna naitirometen, ana rubuta shi CH3NO2, kuma shi ne man da injin ke sha tun daga layin tashi har ƙarshen fili, babu wani maɓalli da ake dannawa. Da shi ake tseren miƙaƙƙen layi a ajin da ake kira Top Fuel. Babura biyu su jeru, fitila ta ba da kore, wanda ya riga kai ƙarshen rubu'in mil, wato mita 402, shi ya ci. Babu kwana, babu zagaye.

A shekarar 1999, a birnin Houston na Amurka, Larry McBride, wanda ake wa laƙabi da Spiderman, ya zama mutum na farko da ya cinye wannan tazara a kan irin wannan babur cikin ƙasa da sakan 6. Shekara 20 bayan haka, a watan Nuwamban 2019, a wani fili da ke kudancin jihar Jojiya, ya yi ta cikin sakan 5.50, ya tsallaka layi yana gudun kusan kilomita 426 a awa ɗaya. Buɗe kalkuletar wayarka ka lissafa: mita 118 ke nan a kowane sakan. Tsawon filin ƙwallo bai ishe shi sakan guda ba.

Yanzu ka lura da wannan. Tsakanin 1999 da 2019 rabin sakan kacal aka rage, amma sai da ya ci shekara 20. Man kuwa bai canza ba, naitiron wancan lokaci shi ne na yau. Da a ce sirrin a tanki yake, da tun ranar farko an gama magana.

Lissafin da ke cikin man

Ga abin da zai ba ka mamaki: naitirometen bai kai fetur ƙarfi ba. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashi kusan ninki huɗu na kilo ɗaya na naitiro. To me ya sa ake amfani da shi?

Saboda iska ce ke ƙure inji, ba mai ba. Kowace silinda tana da iyakar iskar da za ta iya zuƙa a juyi ɗaya, kuma ba za ka ƙona man da ya fi ƙarfin wannan iskar ba. Kilo ɗaya na fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone tas. Naitiro kuwa kilo 1.7 ya ishe shi, domin ya taho da guzurin oksijin a jikinsa. Ke nan da iskar da za ta ƙona kilo ɗaya na fetur, za ka ƙona fiye da kilo takwas na naitiro. Kowane kilo yana da kusan rubu'in ƙarfin na fetur, amma in ka tara su sai ka samu ƙarfi ninki biyu da ɗoriya.

A kan wannan sai a ƙara wata na'ura mai tura iska cikin inji da ƙarfin tsiya, wadda aikinta bai da bambanci da zuga-zugin maƙeri. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru. Da haka ne inji mai silinda huɗu, mai girman kusan cc 1,500, yake ba da ƙarfin da ake ƙiyasta ya kai na doki 1,500. Boxer ɗin da muke hawa kuwa, cc 100 ne da ɗan motsi, ƙarfinsa bai kai doki 10 ba.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa zuba shi a babur ɗin gida hauka ne. An saita kafiretarka ne a kan lissafin fetur. In ka shigo da man da ke ɗauke da nasa oksijin, iska ta yi wa mai yawa, wuta ta yi zafin da fistin da bawul ba za su jure ba. Bayan haka naitiro ba ya gauraya da fetur yadda ya kamata, yana cin roba, yana gurɓata baƙin mai.

Hatta a injin da aka ƙera dominsa, abin a bakin rami yake. Man da ake turawa yana da yawan da ya kusa cika silinda da ruwa. Fulogi ya ƙi ba da wuta sau ɗaya, fistin zai taso ya tarar da ruwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Sai kwanrod ya lanƙwashe ko kan inji ya yi sama. Ragowar naitiron da ya kwanta a silinda yana iya tashi ko ba a kunna inji ba, shi ya sa makanikan ke bin ƙa'ida wajen fitar da shi kafin su sake tayarwa. Hayaƙinsa yana sa hawaye da sarƙewar numfashi, har sai sun sa abin rufe fuska in suna ɗuma inji. A 1958 wata tankar jirgin ƙasa ɗauke da shi ta fashe kusa da garin Mount Pulaski a jihar Illinois, ta yi kisa ta lalata gidaje. Yau ƙasashe da dama suna sa ido sosai a kan cinikinsa, Tarayyar Turai ma ta taƙaita sayar da shi ga jama'a. Ba kayan ajiyewa a shago kusa da janareta ba ne.

Me ake nufi da haɗa shi?

Babu kamfanin da za ka shiga ka nuna irin wannan babur ka ce a ba ka rasit. Haɗa shi ake yi ɗaya bayan ɗaya. Ƙashin jikinsa bututun ƙarfe ne mai ƙwari da ake yankawa a yi masa walda, dogo kuma dab da ƙasa. Gangar injin ba zubi ba ce, daga dunƙulen alminiyom ake sassaƙo ta da injin da kwamfuta ke sarrafawa, bisa zanen da aka yi a kwamfuta. Tayar baya sulɓi ce ba zane, faɗinta ya kai kusan inci 14, shimfiɗaɗɗiya kamar ta mota. A bayansa akwai dogayen sanduna masu ƙananan tayoyi da ke hana shi wuntsilawa baya idan ya zabura. Ba shi da kik, da wata na'ura ta daban ake tayar da shi sannan a cire ta. Ba shi da lagireto, yawan man da ke ratsa injin ne ke taimakawa wajen sanyaya shi na waɗannan 'yan sakanni.

Tuƙinsa ma ba irin wanda ka sani ba ne. Tayar gaba takan yi tafiya mai nisa ba ta taɓa ƙasa ba, don haka kan babur ba shi da amfani a wannan lokaci. Da nauyin jikinsa mahayi ke gyara hanya, yana ratayuwa dama ko hagu. Irin wannan rarrafe a kan babur ne ya jawo wa McBride sunan gizo-gizo. A ajin masu injin Harley kuwa, inda ƙirjin mahayi ke kwance kai tsaye a kan inji, sai sun sa rigar sulke irin mai tare harsashi, saboda in injin ya fashe ƙarfe sama yake yi.

Ga wani lissafi kuma. Ko da injin yana juyi 10,000 a minti ɗaya, cikin sakan 6 juyi 1,000 kacal zai yi. Bayan wannan ɗan aiki sai a koma rumfa a zubar da baƙin mai, a ciro fulogai a duba launinsu, a buɗe kuloci, a leƙa ƙasan inji. Sa'o'in aiki domin sakan shida. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa waɗannan mutane kusan duk rayuwarsu fafe gora ce.

Inda kwamfuta ta shigo

Wannan ne ɓangaren da bidiyon TikTok ba ya nunawa, domin ba shi da wuta ba shi da ƙara. Matsalar mai wannan babur ba neman ƙarfi ba ce, yana da ƙarfin da ya fi abin da tayarsa za ta iya riƙewa. In ya sake shi duka lokaci guda, taya ta yi ta juyi a wuri ɗaya tana hayaƙi, abokin tsere ya wuce. In ya yi rowar sa, nan ma a wuce shi. Aikin shi ne a miƙa wa tayar daidai abin da za ta iya ɗauka a kowane ɓangare na sakan, kuma kuloci mai kamawa mataki-mataki ne ke wannan rabo.

Ta yaya ake sanin an dace? A jikin babur akwai ƙaramar na'urar naɗar bayanai, da na'urorin awo birjik. Wani yana auna zafin hayaƙin kowace silinda, wani ƙarfin tura mai, wani ƙarfin iskar da ake hurawa, wani juyin inji, wani juyin tayar baya. Da an dawo sai a jona laftof a zuba wa layukan ido. In layin juyin taya ya yi tsalle kwatsam, ta zame a nan. In zafin silinda ɗaya ya faɗi ƙasa, wutarta ta mutu a daidai wannan lokaci. Tazarar da ke tsakanin juyin inji da na taya ita ke nuna yadda kuloci ya kama. Har yanayin gari sai an auna, domin iska mai zafi ko ta kan tudu ba ta kai mai sanyi ko ta bakin teku nauyi ba. Wannan doka ta shafi naka ma: Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, nauyin iskarta ya gaza na Legas da fiye da kashi 10 cikin 100, don haka saitin da ya dace a can ba zai dace a nan ba.

A motocin naitiro na hukumar tsere ta NHRA, doka ta yarda kwamfuta ta naɗi bayanai, amma ba ta yarda ta yanke hukunci ana cikin gudu ba. Tun kafin tashi shugaban makanikai ke saita agogunan da za su ce, misali, a lokaci kaza a ƙara mai, a lokaci kaza kuloci ya ƙara kamawa. A wurin McBride ɗan uwansa Steve ne ke riƙe da wannan aiki. Duk mai rubuta manhaja zai gane abin da wannan ke nufi: umarni ne jere da juna da ka rubuta, za a gudanar da shi sau ɗaya, ba damar tsayarwa a tsakiya, kuma ɗan uwanka na kwance a kansa.

A nan ne nake ganin suna da abin koya mana. A sana'armu in manhaja ta faɗi sai a sake kunnawa. Muna da Ctrl+Z. Wannan sauƙi ya sa da yawanmu sun zama masu kwafo kod daga intanet ko daga ChatGPT su liƙa ba tare da sun karanta ba, su canza abu biyar lokaci guda, in ya yi aiki ba su san wanne ya gyara ba, in ya lalace ba su san wanne ya ɓata ba. Mai babur ɗin naitiro ba shi da wannan gata. Dole ya canza abu ɗaya, ya rubuta, ya gwada, ya kwatanta da na jiya.

Makanikanmu ma suna da nasu rabon a wannan darasi. Ogan da ke jin ƙarar inji daga nesa ya ce bawul ne, kunnensa na'urar awo ce ta gaskiya, kuma ban raina ta ba. Masu walda da maƙeran Panteka a Kaduna ba su rasa hannu ba. Matsalar ita ce kunne ba ya shiga fayil. Ba a tura shi ta WhatsApp, ba a kwatanta na bana da na bara, kuma ranar da oga ya ajiye sifana ilimin shekara 30 ya tafi tare da shi. Hannu muna da shi. Rubutaccen awo ne babu.

Abin da aka biya

Kada hasken wutar ya rufe mana ido. Elmer Trett shi ne ya fara haura gudun mil 200 a awa, wato kilomita 322, a kan babur a wannan tsere, a 1983. Yana cikin waɗanda suka fi kowa sanin waɗannan injuna. A 1996 ya faɗo daga kan babur ɗinsa yana tsananin gudu a Indianapolis, ya rasu. A 2015 injin McBride ya fashe a ƙarƙashinsa a wani fili a jihar New Jersey, ya ƙone sosai. A 2008 direban mota Scott Kalitta ya mutu a tsere, abin da ya sa NHRA ta rage tazarar motocin naitiro zuwa ƙafa 1,000, kusan mita 305, domin a samu ƙarin wurin tsayawa.

Waɗannan fa ƙwararru ne, sanye da rigar fata da hular kwano, a fili mai katanga dama da hagu, babu akuya babu mai talla, ga motar asibiti da ta kashe gobara a tsaye. Duk da haka abin ya ci wasu. Dalili a lissafi yake: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ninki huɗu yake yi. Mai gudun 426 yana ɗauke da ƙarfin karo ninki 18 na mai gudun 100.

To ina ga yaron da ke ɗaga tayar gaba a titin unguwa ranar kai amarya, da silifas a ƙafa, kai ba hula, abokinsa na ɗaukar bidiyo? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan, masu karanta wannan shafi. Wanda ya kalli McBride ya fito titi yana ganganci, kallon kitse ya yi wa rogo. Abin da ya gani a bidiyo ƙarshen dogon shiri ne, shi kuwa ya ɗauki ƙarshen ya bar shirin.

Tarihin wasan kansa shaida ne. Wally Parks ya kafa NHRA a Kalifoniya a 1951 da nufin janye matasa daga tsere a kan titi zuwa fili mai doka. Filin Santa Pod na Ingila, wanda aka buɗe a 1966, tsohon sansanin jiragen yaƙi ne. A 1957 NHRA ta ma haramta naitiro a gasanninta na wasu shekaru, kuma wasan bai mutu ba. Fili da doka su ne gindinsa, man daga baya yake.

Masu cewa almubazzaranci ne

Na san abin da wani zai ce. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ɗan acaɓa yana lissafin kowace lita, kai kuma ka zo kana ba mu labarin masu ƙona galan-galan cikin sakan shida. Wasan masu kuɗi ne, me ya dame mu?

Rabin maganar gaskiya ce, kuma na yarda da ita. Wanda ya ce zai haɗa babur ɗin Top Fuel yau a Kano ko Damagaram, ba inda zai gwada shi. Yana buƙatar fili mai santsi da aka shafe da sinadarin danƙo don taya ta kama, da doguwar hanyar tsayawa, da halastacciyar hanyar samun mai, da kayan gyaran da duk da dala ake sayensu. In wani ya ce ka kawo kuɗi ya sa wa babur ɗinka naitiro, riƙe aljihunka.

Inda na rabu da su shi ne cewa babu abin ɗauka. Ilimin da ke sa a matso doki 1,500 daga inji shi ne dai ilimin da ke sa a matso ƙarin kilomita daga lita ɗaya: sanin yawan iska, yawan mai, da lokacin ba da wuta. Na'urar da ke gaya wa mai tsere cewa mai ya yi yawa, ita za ta gaya wa mai Keke Napep cewa kuɗinsa na fita ta salansa. Yanzu da ake ta juya motoci da kekuna zuwa gas ɗin CNG, wa zai saita su daidai in ba wanda ya iya karanta awo ba?

Wani kuma zai ce zamanin lantarki ne, a bar maganar mai. To ai nan maganata ta fi ƙarfi. Tun a 2007 wani babur mai batir da ake kira KillaCycle ya yi mita 402 cikin ƙasa da sakan 8, da irin ƙwayoyin batirin da ake sa wa na'urar huda bango. A babur ɗin lantarki babu kafireta babu fulogi, manhaja ce ke raba ƙarfi tsakanin batir da taya. Duk inda abin ya juya, mai iya awo da kod ne ke da aiki.

To daga ina za mu fara?

Na farko, fara da wayar da ke hannunka. Akwai manhaja kyauta mai suna phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta yi, tana naɗar abin da na'urorin motsin wayarka ke ji ta fitar maka da shi a jadawali. Ɗaure wayar da kyau, kunna kafin ka tashi, kada ka kalle ta sai ka tsaya. Ka sani GPS ɗin yawancin wayoyi sau ɗaya yake ba da wuri a sakan, amma akwai ƙananan na'urorin GPS masu ba da sau 10, waɗanda ake jonawa da Arduino ko ESP32. Ba sai ka yi gudu ba. Auna kilomita nawa lita ɗaya ke kai ka a hanyarka ta kullum. Daidaita iskar taya, sake aunawa. Wanke matatar iska, sake aunawa. Abu ɗaya a lokaci guda, kuma ka rubuta.

Na biyu, karanta kod ɗin da ke tuƙa inji. Wani ɗan Ostireliya mai suna Josh Stewart ya ƙirƙiro Speeduino, kwamfutar inji da aka gina a kan Arduino Mega, kuma duk kod ɗinta a buɗe yake a GitHub. A ciki za ka ga yadda ake lissafa yawan mai da lokacin wuta layi bayan layi. Don zanen ƙarfe kuma akwai FreeCAD, ita ma kyauta. In za a gwada, a gwada a kan tsohon inji da aka ɗaure a benci, ba a kan titi ba.

Na uku, kada ka yi shi kai kaɗai. Babu ƙungiyar tseren da mutum ɗaya ne. Kai mai laftof, nemi makaniken unguwarku da mai walda. Ka je da ladabi, domin ya san abin da ba ka sani ba, kai ma ka riƙe abin da ba shi da shi. 'Yan mata masu karatun kwamfuta da injiniya, wannan aiki naku ne ku ma, jadawali ba ya tambayar wa ke karanta shi.

Na huɗu, mu nemi fili. A Indonesiya da Tailan matasa na tseren miƙaƙƙen layi da ƙananan babura 'yan uwan namu, kuma a Indonesiya tazarar mita 201 ce aka fi yi, a gasanni masu alƙalai da agogo. A 2022 'yan sandan Jakarta da kansu suka shirya wa masu tseren titi gasa a rufaffen wuri. Akwai ma wani salon gasa a Amurka inda kowa ke faɗin lokacin da zai yi tun kafin tashi, a ba mai ƙaramin inji damar fara tafiya, wanda kuma ya yi sauri fiye da abin da ya faɗa ya faɗi. A irin wannan, wanda ya fi sanin babur ɗinsa ne ke ci, ba wanda ya fi kuɗi ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayenmu masu son dawaki ba su yi sukuwa a tsakiyar kasuwa ba, wuri suka ware, har yau ga Filin Sukuwa nan a Kano. Ƙungiyoyin masu babura su haɗa kai su tunkari gwamnatocin jihohi da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da takarda a hannu: rufaffen wuri, rana ɗaya a wata, hular kwano dole, a duba birki da taya kafin a shiga, motar asibiti a gefe, 'yan kallo a bayan shinge. Agogon auna lokaci kuwa, mu masu Arduino mu haɗa shi. Hani kaɗai bai taɓa raba matashi da son gudu ba, sai dai ya mayar da shi tsakar dare inda ba mai gani.

Kafin a samu wannan fili, ka bar totur ya huta. Sayi littafi ɗan ƙarami, ko ka buɗe Google Sheets a waya, ka rubuta kwanan wata, lita nawa ka sha, kilomita nawa ka yi, da abu ɗaya da ka canza. Bayan wata uku ka duba. Za ka san babur ɗinka fiye da yawancin masu hawa a garinku, kuma aikin da kake yi shi ne dai wanda Steve McBride ke yi a rumfarsa tsakanin tsere da tsere.